Kilomita 600 da Tafiyar Hawainiya

A kilomita na 187, a wata tafiyar kilomita 300, na sauka daga kan keke, na jingine shi da wata bishiya, na zube a ƙasa kamar wanda ya sha dukan tsiya. Keken lafiyarsa ƙalau: taya cike da iska, sarƙa ta sha mai, birki na ci. Ni ne na lalace. Ƙafafuna sai kyarma suke yi, gumi mai sanyi na keto min duk da ranar da ake ƙwallawa, na ɗauko gorar ruwa na kasa ko buɗe bakinta. Saura kilomita 113 a gabana, kuma a zaunen nan na san ko goma ba zan iya ƙarawa ba.

Ina nan zaune sai ga wani dattijo ya iso a kan wani tsohon keken ƙarfe. Na gane shi. Tun wajen kilomita 40 na wuce shi fuu, har na ce a raina wannan bawan Allah me ya fito da shi. Ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, yaushe rabonka da sa wani abu a ciki?"

Na ce, "Tun safe, Baba. Ba na jin yunwa ne."

Ya zaro ayaba biyu daga aljihun bayan rigarsa ya miƙo min. Ya ce in ci, in jira minti 20, zan dawo cikin hayyacina, amma tafiyar yau kam ta ƙare min tun da hantsi, ban dai sani ba ne. Ya karɓi lambata ya hau kekensa ya ci gaba da murza feda a hankali. Daga baya na ji ya isa da sauran awa biyu a hannunsa. Ni kuwa a bayan mota aka kai ni gida, ni da keken.

Shekarata 43 a lokacin, shi kuma ya haura 65.

Ba da keke na tashi ba. Ina da shekara 41 likita ya cire abin awon jini daga hannuna ya ce, "Malam, jininka ya fara hawa, nauyinka kilo 94, aikinka na zama ne. Ko dai ka motsa jiki, ko mu fara magani." Gudu na fara, gwiwa ta ƙi. Sai na sayi keke na hannu. Cikin shekara biyu na sauke kilo 13, jini ya daidaita, alhamdulillah, na kuma faɗa cikin wasu abokai da muke fita ƙarshen mako mu yi kilomita 60 ko 80. Fitar tamu kullum gasa ce ko da ba a faɗa ba. Da an hango tudu kowa sai ya duƙa, wanda ya riga kaiwa sama shi ne gwanin ranar. Nakan zo na biyu ko na uku, sai kaina ya kumbura.

A wajensu na fara jin labarin doguwar tafiyar nan da Faransawa ke kira brevet. Ba a ba da kofi ga wanda ya zo na ɗaya, da agogo ake kokawa. Kilomita 200 ana ba ka awa 13 da rabi, 300 awa 20, 400 awa 27, 600 kuma awa 40. Agogon ba ya tsayawa don ka tsaya: cin abincinka, barcinka, facin tayarka, duk a cikin lissafi suke. Akwai tashoshi a hanya inda ake buga maka hatimi a kati, kowace da lokacin da take rufewa. Uwar waɗannan tafiye-tafiye ita ce Paris-Brest-Paris ta ƙasar Faransa, kilomita 1,200 cikin awa 90, duk shekara huɗu sau ɗaya, kuma sai ka kammala waɗancan huɗun a shekarar kafin a karɓe ka. An fara ta a 1891 a matsayin tsere, wanda ya ci ta farko, Charles Terront, ya je ya dawo cikin ƙasa da awa 72 a kan keken wancan zamani. Da na ji haka sai na ce kilomita 300 ai abin wasa ne. Ban ko tsaya yin ta 200 ba. Sakamakon shi ne gindin bishiyar nan.

Bayan mako guda Baba ya kira ni. Bai yi min jaje ba. Tambaya ɗaya ya yi: in ina tuƙi, zan iya yin hira? Na ce wane irin hira, ana haki? Ya ce to nan ne ciwon. Ya ce ranar Asabar in same shi mu fita tare, sharaɗi ɗaya, ba zan wuce shi ba, kuma duk tafiyar sai na ba shi labari.

Wannan fitar ta fi duk wata gasa da na taɓa yi ƙona min rai. Awa uku muna tafiya kilomita 21 a awa. Yara a kan kekunan makaranta suna wuce mu. Can sai ga abokan nan nawa sun taho a jere, suka wuce kamar iska, ɗaya ya waiwayo ya ce, "Lafiya dai? Ko jinya kake yi?" Ƙafata ta danna feda da kanta. Baba bai ko kalle ni ba ya ce, "Ba ka ƙarasa labarin ba."

Sai daga baya, da na zauna na karanta, na gane abin da yake yi da ni. Jiki yana da rumbu biyu. Ɗaya na sukari ne da ake ajiyewa a tsoka da hanta, kimanin gram 500 gaba ɗaya, wanda in ka matsa wa kanka zai iya ƙarewa cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ɗayan na kitse ne, wanda ko siririn mutum yana da abin da zai kai shi kwanaki, sai dai a hankali yake bayarwa. In kana tafiya da sauƙi, kitsen ke ɗaukar kaso mai yawa na aikin. Da ka fara haki, sai jiki ya koma kan sukarin. Doguwar tafiya a sannu, mako bayan mako, ita ke koya wa tsoka cin kitse, ta ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikinta, zuciya kuma ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu. Ni shekara biyu ina horar da ƙaramin rumbun, na bar babban a kulle. Wani masanin wasanni mai suna Stephen Seiler, Ba'amurke da ke aiki a Norway, ya bi diddigin yadda manyan 'yan wasan juriya ke atisaye, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 na fitarsu a sannu suke yi, sauran 20 ne kawai suke matsawa. Zakarun duniya ke nan. Ni da ba kowa ba, kashi 100 nake matsawa.

Na sayi ɗamarar ƙirji mai ƙirga bugun zuciya. Akwai na'urar da ke auna ƙarfin da ƙafa ke zubawa a feda, amma ta fi ƙarfin aljihuna, kuma har yau ban ga na yi asara ba. Lissafin da aka saba ji, wai ka cire shekarunka daga 220, ya ba ni 177 a matsayin ƙololuwar bugun zuciyata. Da na gwada a kan wani dogon tudu sai na ga 184. Kintace ne kawai wancan lissafi, kowa da tasa zuciyar. Na ɗauki kashi 75 cikin 100 na nawa, wato 138, na mai da shi katanga. A ranakun sannu, da lambar ta haura sai in sauke giya, ko da kuwa tsohuwa ce za ta wuce ni da ƙafa a kan tudu. Makonni shida na farko ban ga komai ba sai takaici. A na bakwai na lura a bugu 135 ina yin kilomita 23 a awa, a hanyar da da nake yin 21. Ba wanda na gaya wa, amma ranar da fara'a na shiga gida.

Makona ya zauna kamar haka, tsawon wata shida. Talata da Alhamis awa ɗaya da rabi da asuba kafin aiki. Asabar doguwar tafiya, wadda ta fara daga awa uku ta riƙa ƙaruwa da rabin awa har ta kai bakwai. Lahadi awa biyu da ƙafar da ta kwana a gajiye, saboda ranar tafiyar gaske da irin wannan ƙafar za a tashi rana ta biyu. Rana ɗaya tak, Alhamis, nake sakin doki: minti takwas ina matsawa har magana ta gagara, minti huɗu ina hutawa a kan feda, sau huɗu. A nan nake juye duk haushin da na tara. Jimilla awa takwas zuwa 12 a mako. Duk mako na huɗu kuma a rage rabi.

Wannan mako na huɗun na raina. A wata na uku ina jin ƙarfi, na ce hutun me, na tsallake shi. Bayan kwana goma bugun zuciyata na safe, wanda ya saba zama 52, ya koma 61. Barci ya ƙi, na zama mai saurin fushi, sannan mura ta kwantar da ni kwana tara. Da na gaya wa Baba dariya ya yi, ya ce jiki magayi. Ya ce a kan keke rushe gini kake yi, a kan katifa ake sake ɗora tubali, wanda ya hana magini aiki kada ya yi kukan rashin ɗaki. Tun daga nan nake duba bugun da na farka. In ya haura da bakwai ko takwas, keke ya kwana a rataye.

Sai maganar ci, wadda ita ta kayar da ni tun farko. Na ɗauka yunwa ce za ta gaya min lokacin ci. Ashe a kan keke, kafin ka ji yunwa an riga an ci ka da yaƙi, wani lokacin ma ba za ka ji ta ba sam, sai dai ka ga duniya ta yi maka baƙi, kana jin haushin kowa. Abin da masana ke cewa shi ne gram 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa, wasu har 90 in sun saba. Ayaba matsakaiciya tana da kusan gram 25, ka ga ke nan biyu da ɗoriya a awa, kuma tafiyar ta kusan awa 30 ce a kan sirdi. Na sa agogo yana ƙara duk minti 25, da ya yi ƙara sai in ci, ko ina so ko ba na so. Ciki ma sai an horar da shi. Makonnin farko kumburi da ƙwarnafi na sha. Na gano bayan awa takwas zaƙi yana gundurata har in ji amai, dole in haɗa da abu mai gishiri. Duk wannan a ranakun Asabar na gano shi, ɗaya bayan ɗaya, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa kuwa sikeli ya koya min. Na hau kafin fita, na hau bayan awa biyu, na tarar kilo ɗaya ya tafi alhali na sha lita ɗaya. Gumina lita ɗaya ke nan a awa in da zafi. Ban ce sai na mayar da shi duka ba, kuma na koyi zuba ɗan gishiri a gora, domin mai ɗura ruwa zalla fiye da kima yana iya tsinka gishirin jininsa, abin da kan kai mutum asibiti.

Akwai ciwukan da awa biyu ba ta nuna su. Da na fara haura awa biyar sai gaban gwiwata ta dama ya fara suka. Ashe wani mai gyara ne ya sauke min sirdi lokacin da ya yi min aiki, bai mayar daidai ba, ni kuma ban lura ba. Baba ya sa na hau, na ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ya ce ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Muka ɗaga santimita ɗaya da rabi, cikin mako biyu ciwon ya ɓace. Na sa fenti na yi alama a sandar sirdin. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan mutu saboda danne jijiyar tafin hannu, maganinsu safar hannu da yawan sauya riƙo. Abin da sirdi ke yi wa mazauni kuwa ba zan tsawaita ba. Wando mai soso, man shafawa, da miƙewa tsaye a kan feda duk bayan minti 15. Wanda ya raina wannan zai yi bayani.

Da na koma ta kilomita 300, bayan na yi ta 200 lafiya, na gama cikin awa 17 da minti 40. Na kai wa Baba ina jiran yabo. Ya karɓi na'urar da ke ƙirga min tafiya ya latsa, ya nuna min: awa 14 da minti 10 nake tafiya, awa uku da rabi ina tsaye. Ya ce in lissafa. In na ɗaga gudu daga kilomita 21 zuwa 22 a awa, a tafiyar 600 zan ci ribar kamar minti 78, kuma sai na yi watanni ina wahala kafin in samu. In kuma na rage minti goma a kowace tasha cikin takwas, minti 80 ke nan, kyauta. Na rasa bakin magana. Daga ranar na fara atisayen tsayawa kamar yadda nake atisayen tudu. Tun kafin in isa tasha na jera abin da zan yi a kaina: hatimi, ruwa, bayan gida, abinci a aljihu, hau. Ba zama a kujera, ba buɗe waya. Kujera ita ce babbar maƙiyiya, da ka zauna minti biyar sai su haifi ashirin.

Ba zan ɓoye ba, wannan abu ba ni kaɗai na biya kuɗinsa ba. Asabar ɗin da nake awa bakwai a hanya, uwargida ce da yara uku, in na dawo kuma ba ni da amfani sai barci. Wata rana ta ce, "Maigida, likita cewa ya yi ka motsa jiki, bai ce ka ƙaura ba." Gaskiyarta. Muka zauna da kalanda, ta zaɓi ranakun da keke ba zai fita ba ko da me, na kuma koma fita tun duhu don in dawo da rana a sama. Atisaye biyu manya na rasa a kan haka, ban kuma ga sun rage ni da komai ba. Ita ce ma daga baya take tsayawa a kaina in kwanta da wuri.

Ta kilomita 400 ta koya min dare. Fitila biyu a gaba, biyu a baya, riga mai ƙyalli, da rigar sanyi ko da rana ta yi zafi, don jikin da ya gaji ba ya riƙe ɗumi. Tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba na ga alamun hanya suna rikiɗa suna zama mutane. Na tsaya na kwanta minti 15 a gefe, na tashi garau. Gyangyaɗi a kan keke ba abin jarumta ba ne, rami ko mota ke jiran mutum.

Mako biyu kafin ta 600 na rage tafiya da rabi, na bar 'yar matsawar Alhamis don ƙafa kada ta yi sanyi. Zama ya ishe ni, na riƙa jin kamar duk ƙarfin yana zurarewa. Na wanke keken sau uku.

Ƙarfe shida na safe aka sake mu. Masu zafin jini suka yi gaba, na ji tsohon halin yana taso min, na dubi lambar da ke gabana na bar su. Na samu wasu mutum huɗu masu irin tafiyata muka jeru, kowa ya ja gaba na ɗan lokaci ya koma baya, don wanda ke fakewa a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska. A kilomita na 187 ban tsaya ba, amma na ciro ayaba na ci, ko da agogo bai yi ƙara ba. Wajen kilomita 250 na fara wuce wasu daga cikin masu zafin jinin nan, ɗaya a zaune a bakin hanya ya haɗa kai da gwiwa. Na tsaya na tambaye shi yaushe rabonsa da sa wani abu a ciki.

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare na isa tashar kilomita 370. Tashar ba za ta rufe ba sai bakwai saura minti 20, wato ina da rarar awa biyar. Na ci, na sauya wando, na yi barcin awa uku kamar gawa, ƙarfe biyar na hau. Awa ɗaya ta farko ita ce mafi muni a duk tafiyar. Mazauni ya ƙi sirdi, gwiwoyi kamar an zuba musu yashi, sanyi na ratsa ƙashi, zuciya tana ta kawo min dalilai masu kyau na komawa in kwanta. Amma ƙafar ta san wannan yanayi, ta sha ganinsa ranakun Lahadi. Na ce mata mu je gari ya waye tukuna, sannan mu yi shawara. Da rana ta fito ba wanda ya sake tada maganar. Taya ta yi faci a kilomita 480, na sauya cikin minti 12 da yatsun da rabinsu ba sa ji. Iska ta juyo ta fuskance ni a 60 na ƙarshe, na sauke giya na sunkuyar da kai, ina ƙirga tafiyar goma-goma.

Ƙarfe bakwai saura minti goma na yamma aka buga min hatimin ƙarshe. Awa 36 da minti 50. Na yi wa Allah godiya, na kira gida, muryata na rawa, uwargida tana cewa, "Ka ci abinci dai ko?"

Ina juyowa sai ga Baba zaune a kan benci, ya riga ya wanke fuska ya sauya riga, tsohon keken ƙarfen na jingine a bayansa. Ban ga lokacin da ya wuce ni ba. Aka ce ya kusa awa guda da isowa. Na durƙusa na gaishe shi, gwiwa na ƙara. Ya miƙo hannu, na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe na'urar yake so. Ya latsa, ya matso da ita kusa da ido.

"Awa bakwai da minti 40 a tsaye. Barcin uku ne. Sauran ina ka kai su?"

Na ce, "Baba, a tasha ta shida na zauna a kujera."

Ya girgiza kai, ya matsa ya ba ni wuri a bencin.